Zuwa ga Ɗana Mai Buga Tsakiya



Labari ya iso mini cewa wani mutum ya ga wasanku, ya ja ka gefe, ya ce zai kai ka gwaji Romaniya in an haɗa masa kuɗin biza da na jirgi da wani abu wai kuɗin rajista. Na ji har babanka ya fara tunanin jinginar da gonar fadama. Shi ya sa na ce bari in rubuto, don in muka zauna ido da ido kunya za ta sa ka yi ta cewa "to, Kawu", alhali zuciyarka tana filin jirgi.

Kwantar da hankalinka, ba raba ka da ƙwallo na zo yi ba. Ba na cikin dattawan da ke ganin duk mai bin tamaula shashasha ne. Sana'a ce, ta rufa wa gidaje da dama asiri a jihar nan, kuma Allah ya ba ka ƙafa. Magana ɗaya nake so ta zauna maka: ɗan ƙwallo a fili yake girma. Duk inda aka ce za a kai ka, tambayarka ta farko ita ce, in na je zan buga? Sunan ƙasa da sunan ƙungiya su biyo baya.

Bari in fara da na gida, waɗanda suka riƙe tsakiya irinka.

A watan Satumban 2007 yaranmu 'yan ƙasa da shekara 17 suka ɗauko kofin duniya a Koriya ta Kudu ƙarƙashin marigayi Yemi Tella, bayan sun doke Sifaniya a bugun fenareti. Mai lamba goma a cikinsu ɗan Kano ne, Rabi'u Ibrahim. Jaridu suka yi ta kiransa sabon Okocha. Sporting ta Fotugal ta ɗauke shi, daga can sai PSV ta Holan, daga can sai Celtic ta Sukotland. Ka ji sunaye masu cika baki. Amma tambayi wasa nawa ya buga wa babban rukunin waɗannan ƙungiyoyi uku a gasar ƙasa: yatsun hannunka sun ishe ka ƙirgawa. Shekarun da yaro ke koyon karo da manya, ya sha duka ya rama, ya yi kuskure yau ya gyara mako mai zuwa, yawancinsu sun tafi a atisaye da ɗumama benci. Sai a 2015, kusan shekara takwas bayan Koriya, ya sauka a Trencin ta ƙasar Sulobakiya, ƙungiyar da ko a gidan kallo ba ka jin an ambace ta. Can aka sakar masa fili, can ya ci kofin ƙasa, daga baya ya ƙara ci da Slovan Bratislava. Ba aibata shi nake yi ba, ni kam jinjina masa nake, don da yawan waɗanda suka bi wannan hanya ko labarinsu ba a sake ji ba. Abin da nake nuna maka shi ne tsadar shekarun da suka salwanta. Gwarzon waccan gasa ta Koriya ɗan tsakiya ne shi ma, Toni Kroos na Jamus. Duk da baiwarsa, da Bayern ta ga ba ta da gurbin da zai riƙa bugawa kullum, sai ta ba da shi aro ga Leverkusen har shekara ɗaya da rabi.

Dubi kuma Alhassan Yusuf, shi ma haifaffen Kano. A 2018 ya tafi IFK Göteborg ta Suwidin, gasar da ba wanda ke biyan kuɗi ya kalla a garin nan. Ya yi shekara uku yana bugawa, Royal Antwerp ta Beljiyam ta saye shi a 2021. A 2023 suka ɗauki kofin ƙasar, wanda rabon ƙungiyar da shi tun 1957. Da Wilfred Ndidi ya ji rauni gab da gasar Afirka ta Kwaddibuwa a farkon 2024, shi aka kira, kuma da shi aka fara wasan farko. Koci bai kira shi don girman sunan ƙungiya ba. Ya kira shi don ƙafarsa tana da zafin wasa. Ko Ahmed Musa da kuke ta kafa hujja da shi, sai da ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasar nan da rigar Kano Pillars a 2010, sannan ya tafi, kuma ƙaramar ƙungiya ya fara zuwa, VVV-Venlo ta Holan, kafin CSKA Mosko, kafin Leicester.

Tunda Romaniya ake maka kwaɗayi da ita, ya kamata ka san mutumin da ƙasar ta fi alfahari da shi a ƙwallo, don gurbinku ɗaya. Sunansa Gheorghe Hagi, an haife shi a 1965 a wani ƙauye na yankin Konstansa, bakin Bahar Aswad. Bahago ne, gajere, mai zafin kai. Mu da muka yi tsayuwar dare a kan kofin duniya na 1994 a Amurka, shekarar da Najeriya ta fara zuwa, ba mu manta da shi ba. A wasansu da Kolombiya yana can gefen hagu, nesa da raga, inda kowa ke jiran ya kwaso wa 'yan gaba, sai ya hango gola ya ɗan fito, ya ɗaga masa ita ta bisa kai ta faɗa kusurwa. Ajantinar da ta doke mu 2 da 1, su suka kore ta gida da ci 3 da 2, kuma shi ya ci ta ukun.

Abin da mutane ba su cika faɗa ba shi ne daga inda ya zo waccan gasa. A zamanin mulkin Ceausescu ba a barin matasan 'yan wasa su fita waje, don haka Hagi ya yi ta bugawa a gida, daga Farul zuwa Sportul zuwa Steaua ta Bukarest, har suka kai wasan ƙarshe na kofin Turai a 1989, Milan ta lallasa su 4 da nema. Sai da gwamnatin ta faɗi sannan ya fita, a 1990, yana da shekara 25, da ɗaruruwan wasanni a ƙafarsa. Real Madrid ce ta ɗauke shi. Shekara biyu ya yi abin bai zauna yadda ake zato ba, sai ya koma Brescia ta Italiya, inda ɗan ƙasarsu Mircea Lucescu ke koci. Brescia ta faɗa rukuni na biyu a 1993. Ya zauna. Mutumin da ya sa farar rigar Madrid ya shekara yana yawon ƙananan filayen Italiya, yana bugawa mako bayan mako, har suka hauro. To daga rukuni na biyun nan ya wuce Amurka ya yi abin da na gaya maka. Barcelona ta ruɗu ta saye shi, nan ma ya fi zama a benci fiye da yadda ransa ke so. Yana da shekara 31, lokacin da ake cewa ya ƙare, ya tafi Galatasaray ta Turkiyya: kofin ƙasa huɗu a jere, ga kofin UEFA na 2000 da suka karɓe a hannun Arsenal. Manyan ƙungiyoyi biyu na Sifaniya suna cikin tarihinsa, amma ba a can aka ga ainihin Hagi ba. An gan shi ne a wuraren da aka damƙa masa ƙwallo aka ce kai ne mai rabo.

Na san abin da za ka ce: ai ni ma ƙaramar ƙasa za a kai ni, Kawu, ba Madrid ba. Gaskiyarka. Da tafiyar ta gaskiya ce da ni zan raka ka filin jirgin Malam Aminu. Matsalar tana wurin mai kai ka.

Kai ɗan Wudil ne, ka tashi kana ganin kara ranar Juma'a. Ka taɓa ganin dillalin shanu ya karɓi la'ada tun sa yana garke, bai ga mai saye ba? Sai ciniki ya faɗa, an yi sallama, an ƙirga kuɗi, sannan ya miƙa hannu. Ejan na gaskiya ma haka yake ci: daga kwantiragin da ya samo maka. Wanda ya fara da kawo kuɗi, kai ne cinikinsa, kuma ya gama cin ribarsa ranar da babanka ya damƙa masa. Dokar FIFA ta hana a karɓi kuɗi a hannun yaro da sunan gwaji. Ta kuma wajabta wa ejan lasisi, sunayen masu lasisin suna nan a shafinta na intanet, wayar hannunka ta isa ka duba. Sa'an nan gwaji yana da takarda: gayyata daga ƙungiyar kanta, da sunanka, da ranar farawa da ta gamawa, da wanda zai ɗauki nauyin masauki da abinci da magani in ka ji ciwo. Ka nemi lambar ƙungiyar daga shafinta, kada ka karɓa daga hannunsa, ka sa wani mai jin Turanci ya kira ya tambaya ko sun san da zuwanka. Romaniya tana da ofishin jakadanci a Abuja, biza daga can take fitowa, ba daga aljihun wani ba. In ya fara fushi don ka yi tambaya, ko ya ce gobe-gobe ake rufewa, ka samu amsarka. Ka kuma gaya wa ƙannenka da ke rawar ƙafa cewa duk wanda ya ce zai kai yaron da bai cika 18 ba wata ƙungiya a Turai, ko dai bai san doka ba ko ya san ta yana take ta. Ahmed Musa kansa sai da ya jira ya cika 18 kafin takardarsa ta fita.

Ko da takardar ta tabbata, sai ka bincika lafiyar ƙungiyar, don a can ma ƙungiyoyi na mutuwa. Unirea Urziceni ta ci kofin Romaniya a 2009, ta je har Gilasgo ta zuba wa Rangers 4 da 1 a gasar zakarun Turai. Zuwa 2011 babu ita. Otelul Galati ta ci kofin a 2011, shekara biyar bayan haka ta durƙushe saboda bashi. In masu kofi sun zama haka, yi tunanin ta rukuni na uku, da baƙo baƙar fata da ba ya jin yaren, biza ta ƙare, ƙanƙara na zuba, ga kunyar kiran gida. Akwai Musulmi da masallatai a wajen Konstansa, Turkawa da Tatar, amma a yawancin ƙasar sai ka yi da gaske kafin ka san naman da ke cikin kwanonka.

Na kuma ji an ce a yi maka sabon fasfo a zabge shekara uku. Wannan kam ban yarda ba, ko da tafiyar halas ce. Tun gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ake sa wuyan hannun yara a na'ura don ƙiyasta shekaru, kuma a 2016 sama da yara ashirin aka sallama daga sansanin Najeriya a kan wannan. Bar ma na'ura. Lambar NIN ɗinka, da takardar firamare, da ta WAEC, duk suna ɗauke da rana guda. Ka sauya ɗaya, sai ka yi ta ƙarya kana toshe wata har tsufanka. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

In ka ce to a gida me zan samu, ba zan yi maka zaƙin baki ba. Gasarmu tana da ciwo: albashi ya makara, tafiyar kwana a mota kan hanyoyin da ka sani, fili wani kamar ba a taɓa ba shi ruwa ba. Amma a cikin wannan ne Rabi'u Ali, wanda Kano ke kira Pele, ya gina sunan da ba kuɗin Turai ne ya saya masa ba. An haife shi a 1980, ya haura arba'in yana ɗaure da ƙyallen kyaftin na Kano Pillars, Sai Masu Gida. Ya ci kofin ƙasa da su, ya jagorance su suka ɗauko kofin Aiteo a Kaduna a 2019. A gasar 'yan wasan gida ta Afirka ta 2014, ƙarƙashin marigayi Stephen Keshi, Maroko ta ci mu uku kafin hutun rabin lokaci, muka farke muka yi nasara 4 da 3, kuma ɗaya daga ƙwallayen tasa ce. Matakalar tana nan: ƙungiyar gari, NLO, NNL, sannan firimiya. Masu neman 'yan wasa na gaskiya a kan matakalar nan suke tsintar yara, da bidiyon cikakken wasa na minti casa'in, ba guntun yanka na minti biyu da aka sa wa kiɗa ba. Kuma ka tabbata ƙungiyarku ta yi maka rajista da hukumar ƙwallon jiha. Duk ranar da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi biyar cikin ɗari na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Kocin nan naku da ke sayo muku ruwan leda da kuɗin aljihunsa, ta wannan hanya kaɗai zai ci guminsa, in akwai takarda.

Yanzu bari in taɓa wasan naka, ko da ba za ka ji daɗi ba. A wasan da na gani da yamma a filin makaranta, hazo ya sauko, ƙura na tashi, lamba biyar ɗinku ya miƙo maka ƙwallo kana ba ragar abokan hamayya baya. Ka tare ta da kyau. Sai ka yanke na farko, 'yan kallo suka yi ihu, ka dawo ka sake yanke shi, na biyu ya zo ka zura masa ta tsakanin ƙafafu, yara suka ruga cikin fili suna tsalle. Duk wannan lokaci lamba bakwai ɗinku yana can dama shi kaɗai, ya ɗaga hannu har ya gaji ya sauke. Na uku ya zo ta bayanka ya ɗauke ta, saura ƙiris a ci ku. Ka fita ranar ana yi maka kirari, ni kuwa na tafi gida ina tsaki. Ba ka waiga ko sau ɗaya ba kafin ƙwallon ta iso ka. Ɗan tsakiya na ƙwarai kansa ba ya tsayawa: ya duba hagu, ya duba dama, ya san inda zai kai ta tun tana ƙafar wani. Hagi bai ci Kolombiya da ƙarfin ƙafa kaɗai ba, ya riga ya ga inda gola yake. A gwajin Turai ba a ba ka daƙiƙa ukun da kake samu a nan. Taɓawa biyu, ka saki. Ka riƙa atisaye da bango da ƙafar da ba ka so, ka riƙa gudu a yashin bakin kogi da sanyin safiya, tunda Allah ya ba mu shi kyauta.

Sai zuciya. Na ga yadda kake bin rafali da baki. Ranar 17 ga Yunin 2010 a Afirka ta Kudu muna gaban Girka da ci ɗaya, wasa na hannunmu. Ƙwallo ta fita waje, ɗan Girka ya ɗan tsokani Sani Kaita, shi kuma ya ɗaga masa ƙafa. Jan kati, minti na 33. Aka ci mu 2 da 1. Kaita ɗan Kano ne, ya taso daga Pillars, yana cikin waɗanda suka ciwo mana azurfa a wasannin Olamfik na Beijin a 2008, ɗan tsakiya ne mai aiki tuƙuru. Amma ambaci sunansa a kowace majalisa ka ji abin da za a fara tunawa. Ban ga adalci a wannan ba, sai dai haka mutane suke. Hagi ma an kore shi a wasan ƙarshen nan da Arsenal, sa'arsa abokansa suka ci a fenareti, kuma wasansa na ƙarshe da rigar ƙasarsa, da Italiya a 2000, da jan kati ya fita. Baiwarsa ta rufe masa. Kai ba ka kai inda za a yafe maka ba tukuna, kuma a ƙasar mutane za a tsokane ka da abin da ya fi wannan ciwo, har da launin fatarka.

Ƙwayar da wasu abokanka ke haɗiya kafin wasa wai don kada su gaji, kada ka kusance ta. Tana ɓoye ciwo ne, ba ta warkar da shi, kuma tun 2024 tiramadol tana cikin abin da ake dakatar da ɗan wasa a kansa.

Hagi ya ajiye takalmi a 2001 yana da shekara 36, da wasa 124 da ƙwallo 35 wa ƙasarsa. A 2009 ya zuba kuɗinsa ya buɗe makarantar ƙwallo kusa da garinsu, ƙungiyar da ta fito daga cikinta, Viitorul, ta ci kofin ƙasa a 2017 yana kocinta. Shi ke nan wanda ya daɗe. Mafi yawa ba sa kai 30 a fili, gwiwa ɗaya ce tsakaninsu da zaman gida. Kai kuwa jami'ar kimiyya da fasaha tana cikin garinku tun 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote. Daga Legas da Inugu ake zuwa neman gurbi a cikinta da makarantar 'yan sanda, kai da ƙafa za ka iya takawa. Karatun ba zai hana ka atisayen safe da yamma ba, kuma shi zai sa ka karanta kwantiragi da idonka, ba wani ya karanta maka rabi ya tsallake rabi ba.

Gwiwar nan ta dama da nake ganin kana ɗaurewa, mai ɗori ya yi nasa, amma ka shiga Kano a ɗauki hotonta a asibitin ƙashi na Dala kafin kaka ta fara. Kuɗin hoton da na fom ɗin JAMB suna wuyana, ka zo ka karɓa bayan sallar Juma'a. Ka gaishe mini da mahaifiyarka. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ƙafarka.

Kawunka.